Allon maki a asibitin haƙori: jawabi ga ɗalibai a taron tunawa da kafa ƙungiya

An ce in yi magana a kan aikina, sai na ga gara in ba ku labarin wani kuskure da na tafka, don wataƙila ya fi amfanar ku.

Ni likitan haƙori ne, ina aiki a wani ƙaramin asibiti da ke da kwangila da NHS a nan Ingila. Tun shekarar 2006 ana biyan irin waɗannan asibitoci ne da wani maki da ake kira UDA. Dubawa kawai da ɗaukar hoton haƙori, maki 1. Ciko ko cire haƙori, maki 3. Hular haƙori ko haƙoran roba, maki 12. Kowane asibiti yana da adadin da ya yi alkawarin cikawa a shekara, kuma shekarar tana ƙarewa ne ranar 31 ga Maris. Idan aikin bai kai kashi 96 cikin ɗari ba, sai asibiti ya mayar da kuɗi. Kun ga ke nan ba wasa ba ne, albashin mutane ne a ciki.

To, da aka ɗora min alhakin sa ido a kan aikin ma'aikata, sai na yi abin da ya fi sauƙi. Na kafa allo a ɗakin shan shayi, na jera sunayen likitoci, kowane mako in rubuta makin kowa. Na ɗauka na iya shugabanci.

Akwai wata abokiyar aikinmu da kullum ita ce a ƙasan allo. Ban taɓa ce mata komai ba, amma ai allon yana faɗa mata kowace safiya in ta zo haɗa shayi. A zuciyata na riga na yanke mata hukuncin sanyin jiki. Sai wata rana da ta tafi hutu aka tura min marasa lafiyanta. Wallahi kafin azahar na gane ni ne ban san lissafi ba. Masu karɓar baƙi sun saba tura mata duk wanda ya shekara da shekaru bai ga likita ba, da masu tsoron allura, da waɗanda sai an yi musu tafinta, saboda tana da haƙuri. Mutum ya zo da rami shida a baki, ta yi zama uku ko huɗu tana cikewa, a ba ta maki 3. Ni kuwa in cike rami ɗaya cikin minti ashirin, a ba ni maki 3. A tsarin wancan lokaci haka abin yake, ko rami ɗaya ko goma. Sai a 2022 aka ɗan gyara: haƙori uku ko fiye ya koma maki 5, aikin jijiyar haƙorin turmi kuma maki 7. Amma wannan bayan ta daɗe tana shan kunya ne a gaban allona.

Wani abin kuma, allon sunayen likitoci kaɗai ya ɗauka. Babu nas, babu mai karɓar baƙi, babu mai wanke kayan aiki da turara su. Alhali in nas ba ta shirya ɗaki ba, ko likita ya kai wane sauri sai ya zauna ya naɗe hannu. Ranar da injin turara kaya ya lalace, ranar ake sanin wanda yake riƙe da asibiti.

Ban jefar da UDA ba, kada ku ce na faɗa muku haka. Dole a ƙirga shi, amma na asibiti gaba ɗaya, ba na Wane da Wance a bango ba. Na sauke allon, muka zauna duka har da masu karɓar baƙi, muka zaɓi wasu tambayoyi. Mai ciwon haƙori da ya kira da safe, kwana nawa yake yi kafin a gan shi? Cikin waɗanda muka fara wa magani, nawa suka kammala? Ciko nawa ya dawo a ɓalle kafin wata 12? Wannan ta ƙarshe ta fi ba ni kunya, domin da muka duba, aikin da ya fi dawowa ba nata ba ne, na masu saurin cikinmu ne, har da ni.

Muka kuma ƙirga kujerun da suke zama babu kowa saboda wanda aka ba lokaci bai zo ba. Nan ne wata mai karɓar baƙi ta ce saƙon waya na Turanci ba ya isa ga tsofaffin unguwa, a bar ta ta riƙa kiran su da baki kwana ɗaya kafin ranar. Ba likita ne ya kawo wannan ba, kuma da allon nan yana nan da ba ta buɗe baki ba, don ba a taɓa lissafa ta a ciki ba.

Har yanzu akwai abin da ya gagare ni aunawa. Muna da nas da in yaro ya shigo yana kuka, sai ta durƙusa ta ba shi ɗan madubin baki ya riƙe, ta bar shi ya ƙirga haƙoran mahaifiyarsa, kafin ka ankara ya hau kujera da kansa. Ban san gurbin da zan rubuta wannan ba. Abin da nake yi shi ne in ambace shi da sunanta a taron wata, a gaban kowa.

Ita kuwa abokiyar aikin tawa, na same ta na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce ai ta daɗe da daina kallon allon, tana juya masa baya in tana haɗa shayi. Bayan wata huɗu ta koma wani asibiti a wani gari, kuma da yawa cikin tsofaffin nan har yau suna tambayar ta in sun zo.