Albasar Galmi a darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa (SVT)

A Barmu da sauran garuruwan Adar, darasin osmos yakan tsaya a kan allo. Yara su haddace, su manta da zarar an gama jarrabawa, alhali kayan gwajin na nan jibge a kasuwar Tawa.

Malam ya ɓare siririyar fatar jar albasa irin ta Galmi, ya ɗiga mata ruwan gishiri, ya sa a madubin ƙara girma. Cikin 'yan mintoci launin zai takure a cikin kowace ƙwayar halitta. Dalili kuwa, tantanin da ke kewaye da ita yana barin ruwa ya wuce amma yana tare gishiri, ruwa kuma yana bin inda gishiri ya fi yawa. Wannan shi ne osmos, kuma Bafaranshe Henri Dutrochet ne ya bayyana shi a 1826.

In babu madubin, dankali ma ya isa. Yankin da aka jiƙa a ruwa zalla zai yi tauri, na ruwan gishiri ya yi laushi.

Mai lambun da ƙasarsa ta yi kanwa ya san wannan tun kafin lakwal: yana ban ruwa, shuka na yaushi, don saiwa ta kasa jan ruwa daga ƙasa mai gishiri.