Abincin Kifin Kiwo

Yau maganar kifi za mu yi, watau tarwadar da ake kiwo a gida.

Ni a cikin birnin Kano nake zaune, kusa da Dala. Da can in ka ga tarwada a unguwarmu, to, ko yara ne suka kamo ta a kududdufi, ko kuwa fatake suka kawo busasshiya. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ɗanyen kifi ya ƙaru a kasuwa. Yanzu kuwa mutum yakan gina kwami na siminti a bayan ɗakinsa, ko ya sayi babbar roba, ya zuba ƙananan kifaye. Har a ƙauyukanku an fara.

Wani maƙwabcina ya gwada. Kullum sai ya watsa musu dusa da ragowar tuwo, yana cewa ai kifi ba ya zaɓen abinci. Gaskiya ne, suna ci. Amma bayan wata 6 kifayen ba su fi yatsa biyu kauri ba. Da ya ƙidaya kuma, sai ya tarar sun ragu ƙwarai. Ba ɓarawo ba ne. Manyan ne suka cinye ƙananan.

Me ya jawo haka? Abinci iri-iri ne. Akwai mai cika ciki da ba da ƙarfi, kamar masara da dawa da rogo. Akwai mai gina jiki, kamar nama da wake da gyaɗa. Abin da ke gina jikin nan shi likitoci ke kira furotin. Tarwada a rafi tsutsa take ci, da ƙwari, da ƙananan kifaye, duk masu gina jiki. Saboda haka tana bukatar furotin fiye da kaza, nesa ba kusa ba. A cikin kashi 100 na abincinta, sai a sami kamar kashi 40 na furotin tana ƙarama. In ta tasa, kashi 35 ya isa. Masara kuwa kashi 9 kurum gare ta. Kun ga inda maƙwabcina ya faɗi.

Wani ya tambaye ni ko ana kiwon ƙaguwa. Ana yi, a ƙasar Sin da Filifin, ba a nan ba. Ita ma halinta ɗaya da tarwada: tana son abinci mai gina jiki, in kuwa ta rasa sai ta ci 'yar'uwarta.

Ina za mu sami furotin? Ba sai mun je nesa ba. Ga ƙuli-ƙuli, wanda matanmu ke yi. Kashi 40 ko fiye na cikinsa furotin ne. Sai dai a nemi marar yaji. Ga waken soya, akwai shi a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Amma kada a ba da shi ɗanye. Akwai wani abu a cikinsa mai hana abinci narkewa, wuta ce ke kashe shi. A soya shi sama-sama, kada ya ƙone, sa'an nan a niƙa. Ga kuma garin busasshen kifi, wanda ya fi su duka. Da tsada, amma kada ku bar shi, don yana da abin da gyaɗa ba ta da shi.

To, ku ɗauki fensir, mu yi lissafi. Za mu haɗa kilo 10. Ƙuli-ƙuli kilo 3. Waken soya kilo 3. Garin kifi kilo 2. Masara kilo 2. Nawa ke nan? Madalla. Wannan haɗi ya kusa kashi 40. Ku auna da sikeli, ba da mudu ba, gama mudun gari da mudun wake ba nauyinsu ɗaya ba. A kwaɓa da ruwan zafi, a murza ƙanana, a shanya ya bushe sarai.

Saura maganar mai. Kifi na son maiƙo, kamar kashi 10 cikin 100. In ya sami wannan, da shi zai yi ƙarfin iyo, furotin kuwa ya tafi wajen yin tsoka. Waɗansu da suka ji haka sai su tuttula man gyaɗa. Kuskure ne. Ƙuli-ƙuli da soya suna da nasu man. In ya yi yawa, kitse ne zai taru a cikin kifin, mai saye kuwa ba kitse ya zo nema ba. Ga shi kuma abinci mai maiƙo ba ya jure zafin bazara, nan da nan yake yin gafi. Kada ku haɗa fiye da na mako biyu. Ƙuli-ƙulin da ya yi hunhuna kuwa dafi ne, a zubar.

Mai sayen na buhu, ga inda karatunku zai yi rana. A jikin buhun akwai lamba da wannan alama: %. Ma'anarta kashi cikin 100. Lambar da ke gaban furotin ita za ku duba kafin ku biya, don abinci ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwon nan.

Mako mai zuwa duk mai tsohon buhun abincin kifi ko na kaji ya zo da shi, mu karanta tare.