Ƙasar Matasa, Sana'o'in Tsofaffi: Makomar Aiki a Bagudo

 

Duk inda aka taso da zancen tsufan al'umma, Japan ake fara ambata, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a suka kai shekara 65, masana'antu na neman ma'aikata ruwa a jallo. Wani zai ce ina ruwan Bagudo da wannan, tunda kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba? Gaskiya ne, ƙasarmu ba ta tsufa ba. Sana'o'inmu ne suke tsufa.

Ku zaga fadamun bakin kogin Kwara, wajen Lolo da Illo, ku dubi masu yanke shawarar ranar dashen shinkafa, waɗanda suka san inda ambaliya ke tsayawa. Galibinsu furfura ta cika musu gemu. 'Ya'yansu kuwa suna kan babur suna kabu-kabu, ko fiton kaya tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin. Ban zarge su ba. Mai babur da yamma yake ƙirga kuɗinsa, manomi sai ya yi watanni yana jiran girbi.

Da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, fito ya tsaya, shinkafar gida ta yi daraja, hankalin samari ya koma gona. Sai dai gonar tana hannun baba, kuma ba zai sake ta ba. A nan nake so mu daɗe. Ba rowa ce ta hana shi ba. Dokar fansho ta 2004 masu albashi ta fi shafa. Manomi, masunci da makiyayi babu wanda ke tara musu komai. Gonar nan ita ce fanshon dattijo. Ranar da ya miƙa ta, ya koma mai jiran a ba shi. Don haka yakan riƙe ta har ƙarfinsa ya ƙare, ɗan kuma ya kai shekara arba'in bai taɓa cin bashin taki da sunansa ba. Ko shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, mai gona ya nema, ba mai ƙarfin noma ba.

Aikin gwamnati ma haka. Dokar 2022 ta ɗaga ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65, ko shekara 40 ta aiki. Madalla, amma jinkiri ne kawai. In ba a ɗauki sababbi a wannan tsakanin sun koyi aiki a hannun na da ba, rana ɗaya za a wayi gari azuzuwa babu kowa. Gwamnan jiharmu, Nasir Idris, da ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya fi ni sanin wannan.

Rabonmu da ƙidaya tun 2006, don haka ba mu da sababbin alƙaluman da za mu dogara da su. Shawarata ita ce ƙaramar hukuma ta haɗa kai da hakimai, a rubuta shekarun kowane malami da ma'aikacin asibiti, gunduma-gunduma, a san wanda zai bar aiki nan da shekara biyar. A gona kuma a ƙarfafa yarjejeniya a gaban mai unguwa: ɗa ya karɓi noma tun uban na da rai, uba ya riƙa samun rabonsa na buhuna duk kaka.