Jirgin Sekwana da Sojinmu da Suka Halaka a Teku

Ga jawabin da aka karanta a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Gure.



Labarin yau na wani jirgin ruwa ne, sunansa Sekwana. Abin ya faru cikin 1917, shekarar da Kawsan ya yi yaƙi da Nasara a Agadas. Lokacin nan Faransa tana yaƙi da Jamus. Tana ɗibar samari daga ƙasashenmu na Afirka ta yamma, ana kai su Dakar, daga can sai bakin daga.

Sekwana jirgin fasinja ne da kaya. Ya taso daga Ajantina, ya tsaya Dakar, ya ɗauki soji baƙar fata 400. Duka mutanen da ke ciki 665 ne. Ya nufi Bordo.

Ran 8 ga watan Yuni, cikin tsakar dare, ya kusa gaɓar Faransa, dab da wani tsibiri mai suna Ye. Sai wani jirgin yaƙin Jamus, irin mai tafiya ƙarƙashin ruwa, ya harbe shi. Ruwa ya fara shiga, jirgi ya karkata. Manyan jirgi suka yi ta ba da oda da Faransanci: ku hau nan, ku sauka can. Amma galibin sojin sababbi ne, ba su jin Faransanci. Da yawa ba su iya iyo ba. Ga duhu, ga ruɗewa.

Waɗansu ƙananan jirage suka tsamo mutum 458. Mutum 207 suka mutu, 198 daga cikinsu sojinmu ne. Ku duba lissafin da kyau. Waɗanda suka gane oda, kusan duka sun tsira.

Laifin ba na samarin ba ne. An kwashe su daga gida, ba a koya musu ba, ba a kuma yi musu magana da harshensu ba. Sai a 2017, bayan shekara 100, aka kafa musu dutsen tunawa a tsibirin nan.

To, jama'ar Gure, rashin sani ya fi dare duhu. Takardar magani, awon sikeli, sanarwar gwamnati, kowanne oda ne. Ku zo karatu, ku turo mata da ƴaƴa. Ma'aikata kuma su yi wa talaka bayani da harshen da yake ji.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.