Ku Bar Wa Mutum Fuskarsa: Jawabi Ga Matasanmu Masu Koyon Ɗaukar Hoto

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa da 'ya'yanmu na Sabo, Allah ya saka da alheri da kuka ba ni wannan dama. An ce in yi magana da yaranmu da suka fara koyon ɗaukar hoto da gyaransa a kwamfuta. Ni ba mai boko mai zurfi ba ne, abin da hannu ya saba shi zan faɗa.

Na shiga wannan sana'a a hannun wani ogana Bayarabe a nan Ibadan, zamanin fim. Shekarar farko ban taɓa kyamara ba. Shara, ɗebo ruwa, jan labule, da tsayuwa cikin ɗakin duhu har idona ya saba da jar fitila. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowane ɗaya kuɗi ne, in ka ɓata sai ka ji a kunnenka. Ku yanzu kuna danna ɗari a waya ku goge casa'in. Ba na yi muku hassada, amma fa saurin danna ba ya koya wa ido gani.

Abu na farko da oga ya koya mini shi ne haske, kuma har gobe shi ne rabin aikin. Kada ka tsayar da mutum a ranar azahar. Rana tana bisa kai, inuwa za ta cika masa kwarmin ido, hula ta rufe goshi, ga shi yana yatsine fuska. Ka kai shi bakin zaure ko gindin bango inda inuwa take amma sarari yana buɗe a gabansa, ko ka jira hantsi ko bayan la'asar. In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, ka sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ko farin kwali daga wannan gefen, haske zai dawo. Ba sai ka sayi fitila mai tsada ba.

To ga inda mu Hausawa muke ba kyamara wahala. Alhaji zai zo maka da farar babbar riga tas, ta sha bugu, shi kuma baƙi ne wankan tarwaɗa ko ya fi haka. Kyamara ba ta san Alhaji ba. Ita dai tana auna hasken da ya shigo ta nemi tsaka-tsaki. Da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage, riga ta fito da kyau, fuska ta nutse, ka ga haƙora da ido kawai. Maganinsa ka auna hasken a kan fuska. In waya ce, ka taɓa fuskar a gilashi ka ɗan ja haske sama. In riga ta ɗan ƙone ba laifi, ba riga aka zo ɗauka ba.

Wannan matsala tsohuwa ce. Kamfanin Kodak, wanda fim ɗinsa muka yi ta amfani da shi, ya daɗe yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita kala. Sai a tsakiyar shekarun 1990 suka fito da kati mai mata uku har da baƙar fata. Kun ga ke nan injin ma da fatar wasu aka saita shi. Mai hoto a ƙasarmu dole ya yi amfani da idonsa.

Sai tazara. Gilashin waya mai faɗin gani ne, in ka matsa kusa da fuska hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya. Ka ja da baya taku uku ko huɗu, ka jawo hoton. Mai kyamara ya nemi gilashi mai lamba 50 ko 85. Ka saita a kan ido, in ido ya fito tar an gama. Ka kuma duba bayan mutum kafin ka danna. Na taɓa ganin hoton ango da turken lantarki ya tsiro masa daga tsakiyar hula.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na yarda in tsaya gabanku, wato gyara. Kada ku ɗauka Photoshop ne ya kawo gyaran hoto. Photoshop ya fito a 1990, mu kuwa tun kafin nan muna gyara da fensir mai tsini a jikin nagetif, muna cike ƙuraje da tamoji ɗigo-ɗigo. Ni kuma hannuna ya faɗa, har oga yana yabona, kai ya fara kumbura.

Wata rana wani dattijo mai fataucin goro ya zo, Bagobiri ne, da tsagarsa tun daga gefen baki har kusa da kunne. Ya ce hoto yake so ya aika gida, ya shekara da yawa bai je ba. Na ɗauke shi. Da dare na zauna da fensir, na ce bari in nuna gwaninta. Na bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya na shafe, na share tamojin goshi, wajen bugawa na haska fuskar. Ya zo karɓa ya duba ya daɗe, bai ce komai ba, ya biya ya tafi. Ni a zatona daɗi ne ya hana shi magana.

Bayan kamar shekara biyu wani saurayi ya shigo da hoton nan a ambulan. Ya ce mahaifinsa ne, Allah ya yi masa rasuwa, kuma wannan ne kaɗai hotonsa da suke da shi. Ya ce tsohuwarsu ta ƙi a rataye shi, ta ce ba mijinta ba ne. Yana tambaya ko akwai na asali. Jama'a, babu. A jikin nagetif ɗin na yi aikin, kuma oga ya riga ya zubar da tsofaffin. Yaron ya yi godiya ya fita. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, gara da zagina ya yi.

Mu da muke zaune a kudu, hoto ba abin wasa ba ne gare mu. Sabon nan tun 1916 aka kafa ta, akwai jikokin da ba su taɓa ganin garin kakansu ba. Abin da ya haɗa su da Gobir ko Kabi ko Katsina wani lokaci hoton nan ne da ke jikin bango, da tsagar da ke fuskar mai hoton. Yanzu an bar yin tsaga, masu ita suna ƙarewa. Duk wadda ka shafe ba za ta dawo ba.

Ban ce kada ku yi gyara ba. Ni abin da nake bi shi ne, duk abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, cire shi: ƙurji, maiƙon fuska, zare a kafaɗa, ƙuda a hula. Abin da mutum ya rayu da shi, bar masa: tsaga, bille, wushirya, furfura, launin fatarsa. Ku daidaita haske da kala, ku yanke gefen da bai da amfani, ko a Lightroom ne ko Snapseed, sannan ku cire hannu. Kuma ku ajiye na asali daban, kada ku yi gyara a kansa. Da na san wannan kaɗai, da yaron nan bai fita hannu rabbana ba.

Na san abin da za ku ce: Baba, ai masu hoton ne ke cewa a haska su. Gaskiya ne, musamman 'yan mata da amare, kuma wayoyin yanzu ma da kansu suke murje fuska sai ka shiga ka kashe. To ka yi mata biyu, ka nuna mata wanda aka ɗauka a haske mai kyau ba a taɓa launi ba. Da yawa shi suke zaɓa, don abin da suke gudu ba baƙinsu ba ne, mugun hoto ne. Amma in hoton neman aure za a aika Arewa, ko na takardar makaranta ko ta tafiya, kada ka yarda ko an ƙara maka kuɗi. Ranar da aka ga mutum ido da ido, sunanka za a kira.

Ku nemi aikin marigayi Ojeikere ku duba. Ya yi aiki a garin nan, a ma'aikatar watsa labarai da gidan talabijin, kuma daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara kusan dubu. Ya rasu a 2014. Baƙi da fari ne, babu ado, amma kowane silin gashi kana ganinsa.

Saura guda, kuma iyaye ku ji da kyau. Hoton da ka ɗauka amana ne. Matar aure ko 'yar mutane ta tsaya gabanka don biki, ba don ka sa ta a Facebook ko ka yaɗa a WhatsApp kana tallan aikinka ba. Ka tambaya, in an ce a'a, shi ke nan. Unguwar nan ƙarama ce, kowa ya san gidan kowa.

Wanda yake son mu gwada abin da na faɗa, ya same ni ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar zauren ƙungiya. Ya zo da wayarsa da farin ƙyalle, in da hali ya lallaɓo kakansa ya zo da shi.