Shekarar farko a lakwal ɗin likita: jawabi ga iyayen Attantane



Maganar yau ta shafi ƴaƴanku masu tafiya koyon aikin likita. Gwamnati tana da makarantar aikin lafiya a Yamai, tana da wata a Damagaram. Ana ce musu ENSP. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, wani tsohon ma'aikacin lafiya da ya rasu a 2009. Akwai kuma lakwal na kuɗi a Maraɗi. Wanda ya ci birbe yana da sashensa, wanda ya ci bak yana da nasa. Karatun shekara 3 ne, amma ta farko ta fi wuya.

Yarinya ta bar gida, ta bar furar uwarta. A birni kome na saye ne: ɗaki, gawayi, sabulu, har ruwa, musamman a Damagaram inda ruwa ke wuya lokacin rani. Ga farar riga, ga littattafai, ga kuɗin takardu. Wani lokaci wata bai ƙare ba, hatsi ya ƙare.

Karatun kuma da faransanci ake yin shi, da kalmomin da ba ta taɓa ji ba. Ana koya mata cewa jikin babban mutum yana da ƙashi 206, kuma kowane da sunansa. Ana koya mata auna zafin jiki: na mai lafiya wajen 37 ne, in ya kai 38 masassara ce. Ana koya mata ƙidaya bugun jini a wuyan hannu. Wankin hannu ma, wanda kowa ke cewa ya iya, darasi ne guda, kuma ana faɗuwa a jarrabawarsa.

Sai ranar shiga asibiti koyon aiki. A nan ne wasu ke rawar jiki. Ga jini, ga warin gyambo, ga kukan yara masu tamowa. Ɗalibin shekarar farko shi ke gyara gadon maras lafiya, shi ke kwashe amai, shi ke tsayuwa tun safe. Manya suna yi mishi faɗa in ya yi kure. Ran da maras lafiya ya fara rasuwa a gabansa, ba ya iya cin abinci. Wasu a ranar suke cewa sun fasa.

Amma akwai daɗi. Yaron da aka kawo ba ya ko buɗe ido, bayan kwana 3 ya tashi yana neman nono. Tsohuwar da ba ta jin faransanci ta samu ƴar Mayahi mai yi mata bayani da Hausa, ta sa mata albarka. Irin wannan ke riƙe ɗalibi.

To, iyaye, ga naku aiki. Bayan girbi ku keɓe mata tiya kaɗan na hatsi da wake, ku aika. In ta faɗi jarrabawa guda, kada ku ce a dawo da ita a yi mata aure. Mata da yawa ba su son namiji ya yi musu awon ciki, shi ya sa suke ƙin zuwa. In ƴar garinku ta gama, wannan kunya ta ragu.

Saura magana mai nauyi. Idan ɗalibi ya zo hutu, mutane suna ce mishi likita, suna kawo magani daga kasuwa, su ce ya yi musu allura. Kada ku matsa mishi. Bai kai nan ba tukuna. A ɗuwawu akwai wata babbar jijiya mai sauka har ƙafa. In allura ta same ta, ƙafar yaro tana iya shanyewa. Allurar da aka yi ma wani kuma, in aka sake ta, tana ɗaukar ciwon hanta da sida. In ɗalibi ya ƙi, ba girman kai ba ne, abin da malamansa suka hore shi ke nan.

Abin da ya iya, ku tambaye shi. Ya iya auna zafin yaro. Ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari na zawo: ƙunshi 1 cikin litar ruwa 1 mai tsabta. Ya san alamun haɗari: yaro ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko yana suma. In ya ce a tafi gidan likita, ko babban asibitin Mayahi ko na Tasawa, a ɗaura amalanke a lokacin, kada a jira gari ya waye.