Ajiye Biri A Gida



Mutum ya kan ga ɗan biri a kasuwa, ya saya wa yara don wasa. To, ɗan biri girma ya ke yi. Ya kan kai shekara 20 a duniya, in ya ƙasaita kuwa sai ya yi fiƙa, ya ciji ko mai ba shi abinci.

An ce biri ya yi kama da mutum. Haka nan cutarsa. Tarin fuka da atuni su kan tashi daga biri su kama mutum, tun ba yaran da ke cin abinci kusa da turkensa ba. Cizonsa kuma yana iya kawo ciwon haukan kare, wanda in ya bayyana ba shi da magani.

In biri ya ciji wani, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a sa toka ko kashin shanu. A kai shi disfensare ran nan don allura.

Biri na dawa ne, a bar shi can. Allah ya ba mu lafiya.